Babu Injiniya a Gidan Nan

Har zuwa kakar bara, in ka shiga kasuwar Birnin Gwari ka tambayi Injiniya Abdulkahar, ba wanda zai nuna maka shi. Waɗanda ba su san shi ba za su ce ba su sani ba, waɗanda suka san shi kuwa su ne za su fi saurin kau da kai su ce ba su taɓa jin sunan ba. Amma ka ce kana neman Audu mai gyaran injin niƙa, nan take za a miƙa maka hannu wajen wata rumfar kwano da ke bayan 'yan hatsi. A can za ka tarar da wani dogon mutum mai ɗan sanƙo, rigarsa duk baƙin mai, yana tsugune gaban injin. To shi ne injiniyan, kuma ba ƙaramin injiniya ba.

A wani ƙauye na gundumar Kuyello aka haife shi, ɗan fari wurin Inna Huraira. Mahaifinsa manomi ne, ya rasu tun Abdulkahar yana sakandare, don haka da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Inna ta tura shi har jami'a a Zariya. Bayan ya yi hidimar ƙasa a kudu, wani kamfani da ke kula da bututun mai a Fatakwal ya riƙe shi. Aikinsa shi ne bin bututu gaɓa-gaɓa yana duba walda, sannan a cika bututun da ruwa a matsa shi a ga ko zai yi yoyo. Sai ya sa hannu ya ce ya yi, kafin a saki mai a ciki. Yana son aikin nan kamar me. Ko hutu ya zo gida, in ya ga famfon unguwa yana ɗiga, sai ya tsaya ya ɗaure shi kafin ya wuce.

Ita Inna ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, kuma ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda alkunyar ɗan fari. "Yaron nan" take cewa, ko "shi wancan". In mata suka tsokane ta a gidan biki suka ce ga uwar injiniya nan, sai ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Ni ina na ga ɗa? Na mutane ne." Amma duk wanda ya dubi idonta ya san zuciyarta fari ƙal take. Da daji ya ɓaci, ɓarayi suka fara kwashe mutane daga gonaki da ƙauyuka, Abdulkahar ya dawo da ita cikin gari, ya saya mata wani gidan ƙasa, ya jibge bulo a gefen katanga da niyyar zuba mata ginin siminti.

Ginin da ba a yi ba ke nan. A shekarar korona farashin mai ya faɗi warwas, kamfanoni suka shiga rage ma'aikata. Wata safiya aka tara su a ɗakin taro, aka gode musu da kalamai masu daɗi, aka ce kowa ya ajiye katin shiga a wurin masu gadi. Ya ƙara watanni a Fatakwal yana zagayen ofisoshi, ko'ina a ce masa a yanzu dai ba a ɗauka. Da zaman ya gagara, ya tattaro matarsa Nafisat da 'yarsu Rahma suka yo gida.

Ranar da ya iso, ko ruwa bai gama sha ba Inna ta kafa doka. Ta dubi Nafisat, don da ita take magana in tana son ya ji, ta ce, "Ki gaya wa yaron nan, daga yau babu injiniya a gidan nan."

Ba rigimar tsufa ba ce. A garin, kalmar "ma'aikacin kamfanin mai" tamkar ka rataya wa mutum ƙararrawa ne a wuya. Mutanen daji suna da 'yan leƙen asiri a cikin gari, waɗanda ake ce wa infoma, kuma ba wanda ya san ko su wane ne: yana iya zama mai shayi, yana iya zama wanda kuke sahu ɗaya da shi a masallaci. In an tare mota a hanya, ana duba tafin hannun mutum a ga ko ya san fartanya, a buɗe wayarsa a ga hotuna da saƙonnin banki. Maƙwabcinsu Alhaji Abarshi, wata baƙuwar lamba ce ta kira shi, aka yi masa sallama cikin ladabi, aka ce ko shi ne Alhajin da ya loda masara zuwa Legas. Ya ce shi ne. Ba a yi mako ba aka zo har gida aka tafi da shi, sai da iyalinsa suka sayar da gonaki kafin ya dawo, ya dawo kuma ba ya iya taka ƙafa ɗaya. Tun daga nan kowane gida a unguwar ya haddace amsa ɗaya: in baƙuwar murya ta tambayi wani naka da sunan arziki, ka ce ba a nan ba ne. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Haka Abdulkahar ya koma Audu. Takardunsa na makaranta da na aiki suka shige ƙasan adakar Inna. Takalmin aikinsa mai ƙarfe a baki aka cusa shi a rumbu. Hular kwanonsa fara, wadda ya sha yawo da ita a fadamun Neja Delta, Inna ta kankare tambarin kamfanin da wuƙa, ta kafa ta a tsakar gida tana zuba wa kaji ruwa. Tulin bulo kuwa aka bar shi ciyawa ta fito a kai, don wanda ya tayar da ginin siminti a irin wannan lokaci ya yi wa kansa shela ne.

Sai dai bulon bai zama asara gaba ɗaya ba. Duk gidan, a samansa kaɗai waya ke samun sabis. Akwai wata darbejiya da ta sunkuyo kansa, a reshenta ake rataye wayar cikin leda, in ta yi ƙara a hau a ɗauka. Wurin yana jikin katangar da ta raba gidan da lungu, duk abin da ka faɗa a can mai wucewa yana ji, shi ya sa kowa ke magana ƙasa-ƙasa, hannu a baki.

A kan bulon nan Abdulkahar ya ƙarar da shekaru yana neman aiki a ɓoye. Da sassafe kafin ya tafi rumfa zai hau, ya duba tallan guraben aiki, ya tura takardu. Yawanci ko amsa ba a ba shi. In an amsa, sai a tambaye shi me yake yi tun da ya bar Fatakwal, shi kuma ya rasa yadda zai ce injin niƙa yake gyarawa. Wasu shaidun ƙwarewarsa wa'adinsu ya ƙare, sabuntawa kuma sai an je Legas. Wasu tallan ma ƙarara suke rubuta iyakar shekarun mai nema, shi ko ga arba'in tana leƙo shi. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ranar da ya zauna zai tuna wani lissafin matsin bututu da a da yake yi ko cikin barci, ya ga sai da ya yi ta lalube. Tsoro ya kama shi sosai. Ya ga in aka ƙara shekara biyu a haka, ba sai Inna ta yi ƙarya ba, da gaske babu injiniya a gidan.

Ana cikin haka, farkon kaka, Ephraim ya kira. Ephraim mutumin kudancin Kaduna ne, tare suka yi aiki a Fatakwal, tare aka sallame su, kuma shi kaɗai ya rage a duniya yana kiransa da sunan aikinsa.

"Injiniya! Kana raye dai ko?"

"Rage murya, mutumina," in ji Abdulkahar, yana waiwayen lungu, sai ka ce Ephraim ɗin a bayan katanga yake.

Ephraim ya yi dariya ya ce shi ya samu shiga wani kamfani da ke shimfiɗa bututun gas, suna da sansani kusa da Kaduna, kuma suna neman mai duba walda wanda ya san aiki. "Na kai takardunka da hannuna. Mutum uku suke dubawa, kai ne na farko. Za su kira su tabbatar kai ne, don an sha kawo musu takardun bogi. Ka riƙe wayar nan kamar ranka. In suka kira ba su same ka ba, na biyu za su wuce."

Nafisat kaɗai ya gaya wa. Ya so ya gaya wa Inna, ya fasa. Ya san za ta kwana tana juyi a kan hanyar Kaduna, kuma ya san tsofaffi da ƙawayensu: yau ta roƙi wata ta taya ta addu'a, gobe zancen yana bakin rijiya. Ya ce bari abin ya tabbata tukuna.

Daga ranar ya daina zuwa rumfa, ya ce bayansa ke ciwo. Ya shimfiɗa tabarma gindin darbejiya yana gadin leda. In iska ta kaɗa ta, gabansa ya faɗi. In wayar ta yi ƙara ya yi tsalle ya hau, sai ya tarar mai injin niƙa ne yana ƙorafi, ko kamfanin waya yana tallan waƙa. Ko masallaci ya je, yana sallamewa yake fitowa da sauri, takalmi a hannu. Mako ya wuce, na biyu ya bi shi, shiru.

Sai ga karyar masara ta zo. Gonarsu tana bakin daji ta wajen Kamuku, kuma yanzu ba a zuwa gona ɗai-ɗai. Unguwa ake haɗuwa a yi gayya, 'yan sa-kai su raka, a karye gonakin gefe ɗaya a rana guda a dawo kafin la'asar. Wanda bai je ranar layinsa ba, masararsa ta zama ta birai da ɓarayi, kuma ita ce abincin gidan na shekara. Babbar waya kuwa ba mai hankalin da zai shiga daji da ita. Abdulkahar ya tsaya gaban ledar nan ya daɗe. Gaba kura, baya sayaki. A ƙarshe ya ce wa Nafisat kada ta matsa ko nan da can, ya ɗauki buhuna ya fita.

Da hantsi zazzaɓi ya rufe Rahma har tana fizge-fizge. Wace uwa ce za ta zauna gadin leda? Nafisat ta saɓa ta ta yi asibiti.

Da la'asar Abdulkahar ya dawo, ƙura har gira. Ya tarar da Inna a tsakar gida tana tsince wake, fuskarta da wani irin haske na wanda ya yi abin kirki. Nafisat ta shigo ke nan da yarinya a kafaɗa, jikin ya yi sauƙi. Inna ta dube ta ta ce, "Yau Allah ya tsare mu. Sun kira."

Abdulkahar ya matso kusa da ita. "Su wa, Inna?"

"Su wa kuwa? Mutanen nan mana. Da farko wata ce ta yi ta zuba Turanci, don a ruɗe ni. Da ta ga ban gane ba, ta miƙa wa wani Bahaushe, mai ladabi kamar gaske, irin na Alhaji Abarshi sak. Wai nan ne gidan injiniya wane, wanda ya yi aikin mai a Fatakwal? Har sunan kamfanin ya sani! Na ce masa bawan Allah ka yi ɓatan kai. Mai wayar nan manomi ne, ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba, Fatakwal kuwa ko a mafarki. Ya sake tambaya, na sake gaya masa. Ya ce to ni wace ce, na ce ni na haife shi, wa zai fi ni sani?"

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Nafisat ta dafe bango.

Abdulkahar bai ga laifin Inna ba. Dokar da ta tsare shi shekara da shekaru ita ta bi, kuma shi ne ya ɓoye mata. Ya hau bulo ya kira lambar. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, an tashi daga ofis. Ya kira Ephraim. Ephraim ya ce ya ji labari, wanda ya yi maganar sunansa Malam Ɗalha, na ofishin ɗaukar ma'aikata, kuma ya riga ya rubuta cewa mutanen gidan sun ƙaryata. "Har ni an fara yi mini wani kallo, wai na kawo takardun wani. Ka kira shi da safe. Ban sani ba ko zai saurare ka."

Nafisat ce ta zauna ta warware wa Inna komai. Abdulkahar yana daga ɗaki yana jin su. Tuwon dare dai har safe yana nan a rufe, nata da nasa.

Washegari ranar kasuwa ce, lungu cike da masu wucewa, maƙwabta ana ta daka. Ya hau bulo ya kira. Aka ɗauka.

"Malam Ɗalha? Sunana Abdulkahar, wanda kuka kira jiya." Hannunsa na kan baki, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ba na jin ka sosai."

Ya ɗan ɗaga muryar kaɗan. Ya yi bayanin garinsu, da infoma, da dalilin da ya sa ake musun mutum. Malam Ɗalha ya saurara, ya ce wallahi ya tausaya, shi ma yana jin labarin Birnin Gwari. "Amma ka duba matsayina. Jiya mahaifiyar mai wayar nan ta ce mini ɗanta bai taɓa shiga aji ba. Yau wani ya kira da wayar yana raɗa, ya ce shi ne injiniya. In kai ne ni, wanne za ka kai wa oga? An riga an ce in kira na biyu yau."

Abdulkahar ya gyara riƙon wayar. Sai ya ji ana jan bakin wandonsa. Inna ce, ta taka bulo ɗaya ta taka na biyu, tana dafe da gwiwa. Ta miƙo hannu. Bai san lokacin da ya ba ta ba.

Inna ba ta iya raɗa a waya ba, a ganinta in mutum yana nesa sai an ɗaga murya. Yau kuwa ko ƙoƙarin ragewa ba ta yi ba.

"Salamu alaikum. Ɗan nan, ka gane muryata? Ni ce tsohuwar jiya. To ƙarya na yi maka, Allah ya yafe mini. Tsoro ne, na ɗauka ɓarayi ne. Abdulkahar ɗana ne, shi ne ɗana na fari. Injiniya ne. Da ƙuli-ƙuli na kai shi Zariya, ya yi karatu ya gama, ya yi aikin mai a Fatakwal shekara da shekaru, takardunsa suna cikin adakata. Injiniya Abdulkahar. In akwai laifi nawa ne, kada ka ɗora masa."

Tun da aka haife shi bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Daɗi da tsoro suka haɗu masa wuri ɗaya. Don a daidai lokacin ne ya lura dakan gidan maƙwabta ya tsaya. A lungu ma, wani mai tura baro ya rage tafiya.

Ta miƙo masa wayar. Malam Ɗalha ya yi gyaran murya. "Ka zo sansaninmu jibi da safe da takardunka na asali. Ban yi maka alkawari ba, oga ne mai yankewa. Amma zan riƙe kiran na biyun. Ka gaishe da Inna."

Abdulkahar ya riƙo hannunta ya sauko da ita. Ta zauna a kan turmi ta huta, sannan ta dubi Nafisat.

"Tashi ki haɗa kaya, naki da na yarinya da nasa. Ayarin azahar za ku bi, mai rakiyar sojoji. Duk unguwa ta ji, kafin magariba kasuwa ta ji. Ba zai sake kwana a gidan nan ba."

"Inna, in ban samu aikin ba fa?"

"Ko an samu ko ba a samu ba," ta ce da Nafisat.

"To ki zo mu tafi tare."

"Masarar da aka karyo jiya wa zai ɓare ta? Ni tsohuwa ce, ba ɓarawon da zai wahalar da kansa ya ɗora ni a babur."

Ya san ba haka ba ne, ita ma ta sani. An ɗauki waɗanda suka girme ta. Ya yi magiya har ya gaji, ta ƙi ko kallonsa. Abin da ta yarda da shi kawai, ƙanwarta za ta riƙa zuwa taya ta kwana.

Ta buɗe adaka ta fito da takardun, ta naɗe su a leda ta cusa tsakiyar buhun masara. Ta sa aka ciro takalmin daga rumbu aka kakkaɓe. Sannan ta kori kaji, ta ɗauki hular kwanon ta zubar da ruwan, ta wanke ta da toka da soso har ta yi fari, ita ma ta tura ta cikin buhun ta ɗinke bakinsa da kanta. Ta sa ya saka tsohuwar rigarsa ta gona da silifas. Wayar ma sai da Nafisat ta goge duk abin da ke cikinta.

A zaure ya durƙusa yana neman albarka. Mai babur yana jira a waje da buhun a ɗaure. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, alkunyarta ta dawo, ta juya wajen Nafisat.

"Ki gaya wa yaron nan, in an tare ku a hanya, manomi ne, ya nuna musu hannunsa. In Allah ya kai shi can kuma, kada ya yi musu raɗa. Ya buɗe baki ya faɗi ko shi wane ne. Ni dai na riga na faɗa."

Ta koma ciki ba ta jira tashin babur ɗin ba. Yana jin ta daga zaure tana kiran kaji, tana neman wani kwanon da za ta zuba musu ruwa.